Katin Zama

Ƙarfe bakwai muka bar Badarawa,
ni da Haliru da jakar leda mai ɗauke da aurenmu:
takardar kotu, wasiƙar mai unguwa,
hotuna huɗu masu farin bango,
da fasfona da ruwa ya taɓa a Gadarif
har hatimin ya koma kamar idon da ya yi kuka.

Bakin ƙofa, gindin dalbejiya,
masu cike fom sun baza tebura.
Ɗaya ya ce, "Hajiya, daga ina?"
Na ce daga gida.
Ya ce, "Wane gidan?"
Bironsa na sama yana jira,
ni ma ina jira.

Ciki benci ne dogo,
fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Ɗan Kamaru na gefena, matarsa nas ce a Kakuri,
zuwansa na huɗu ke nan,
ya san jami'in da ke tafiya salla da wuri,
ya san tagar da ba ta son canji.
Ya miƙo mini gyaɗa. Ban ci ba, na riƙe.

Aka kira sunana, aka karya shi biyu.

Jami'ar ta duba takarda, ta dube ni.
"Ƙasar haihuwa?"
Sudan.
"To wannan Hausar fa, a ina kika saye ta?"
Ban saya ba, ranki ya daɗe, gado ce.
Kakana ya bar Soba da ƙafa,
da sanda da buta da niyyar Makka.
Ya tsaya tsinkar auduga don ya ƙara guzuri,
guzuri ya zama gona,
gona ta zama gida,
gida ya zama kabari.
Can suna ce mana mutanen yamma.
Na zo yamman, an miƙo mini fom ɗin baƙi.
Duk wannan a ciki na faɗa.
A fili cewa na yi, "A gida na koya."

"Mene ne shaidar kuna zaune tare?"
Na so in ce ba ya shan koko sai ya huce,
in ce yana kiran sunan ƙanensa marigayi cikin barci,
in ce ni na san inda katifa ta lotsa
da wanda ya lotsar da ita.
Haliru ya zaro takardar kuɗin wuta.
Ta karɓa. Ashe wutar da ba a kawowa
ta fi ni sanin aurena.

Sai na'urar yatsu.
Na ɗora babban yatsa, ta ƙi.
Na sake, ta ƙi.
Lalle ya rufe layukan, wanki ya cinye saura.
Jami'ar ta sassauta murya:
"Shafa shi a goshinki, 'yar uwa, maiƙo take so."
Na shafa inda nake kai wa ƙasa sau biyar,
na ɗora.
Fitila ta yi kore.

Daga nan sabis ya ɗauke.
A dawo Laraba, ba wannan ba, ta sama.
Ta yago mini 'yar takarda mai lamba tara,
faɗinta bai kai tafin hannu ba.

A keke Haliru na ta lissafin kuɗin mota,
ni ina kallon masu lemo a ƙarƙashin gadar Kawo,
gyaɗar ɗan Kamaru ta jiƙe a hannuna.

Mun tarar da Inna Gambo a ƙofar gida
da littafinta mai bangon buhun siminti.
"Ke muke nema tun hantsi.
Mun sa ki a adashi, dubu biyu duk Juma'a,
kwasarki sai bayan babbar salla."
Na ƙirga a yatsun da na'ura ta ƙi:
wata tara.
Ba ta tambaye ni ko zan kai ba.
Ta lashi fensir, ta rubuta sunana daidai,
ta ce in aiko mata da rariyarta in na gama.